Tambayoyinku: Kallon Gudun Tsere da Ƙwallon Kwando a Manyan Gasa

Wasiƙun wannan makon sun taru ne a kan wasanni biyu da suke cika fili a gasar Olamfik da gasannin duniya, wato gudun gajeren zango da ƙwallon kwando. Mun haɗe masu kama da juna, mun kuma taƙaita dogayen.

Tambaya: Na kalli tseren ƙarshe na mita 100 na maza a Faris a 2024. A idona ɗan Jamaika ne ya riga kowa, kuma allo ya nuna shi da ɗan Amurka duk sun yi sakan 9.79. Da me aka raba su?

Amsa: Malam, da gangar jiki aka raba su. A dokar tsere, mutum ya gama ne a lokacin da wani sashe na gangar jikinsa ya iso kan farin zanen ƙarshe. Kai da wuya da hannu da ƙafa duk ba sa cikin lissafi. Shi ya sa kake ganin 'yan tsere suna turo ƙirji gaba suna jefa hannuwa baya a takun ƙarshe. Wanda ya yi wannan sunkuyen da wuri, tun saura taku uku, sai ya karya gudunsa ko ya kife. Wanda ya makara kuma ya yi a banza.

Lokacin Noah Lyles na Amurka a wannan tseren 9.784 ne, na Kishane Thompson na Jamaika kuma 9.789. Ƙa'ida ita ce a ɗaga lokaci zuwa kashi ɗaya cikin ɗari na sama, shi ne duka biyun suka koma 9.79 a kan allo. Tazarar da ke tsakaninsu kashi biyar cikin dubu ne na sakan, abin da babu idon da zai iya kamawa.

Hoton da alƙalai suke dubawa ma ya bambanta da hoton da aka saba gani. Kyamarar ba ta kallon komai sai siririn zanen ƙarshe, tana ɗaukarsa sau dubbai a cikin sakan ɗaya, sannan a jera abin da ta ɗauka gefe da gefe. Don haka faɗin hoton lokaci yake nunawa, kuma kowane ɗan tsere da ka gani a ciki a kan zanen yake, sai dai a lokacinsa daban. Wannan ne ya sa takalma da hannuwa suke fitowa a miƙe ko a murɗe. Alƙali zai ɗora siririn layi a kan ƙirjin kowa, na'ura ta karanta lokacin.

Tambaya: An kori wani ɗan tsere alhali mun ji ƙarar bindiga kafin ya motsa. Wannan ba zalunci ba ne?

Amsa: Abin yana da ciwo, amma yana da dalili. Madogarar ƙafa da ake tashi daga kanta tana ɗauke da na'urar auna matsi. Idan ƙafa ta tura ta kafin kashi ɗaya cikin goma na sakan ya wuce bayan harbi, wato ƙasa da 0.100, ana ɗauka mutum ya yi caca ne da bindigar bai jira ya ji ta ba, domin sai sauti ya isa kunne, ƙwaƙwalwa ta karɓa, saƙo ya sauka zuwa tsoka. Yawancin gwanaye suna tashi ne tsakanin 0.12 da 0.18. Usain Bolt na Jamaika ya yi 0.146 a ranar da ya kafa tarihin 9.58 a Balin a 2009.

Tun daga 2010 kuskure ɗaya ya isa a kori mutum. Dokar ta ci Bolt kansa a tseren ƙarshe na gasar duniya a Daegu a 2011. Wanda ya fi jawo gardama shi ne Devon Allen a tseren tsallake shinge a Eugene a 2022, wanda na'ura ta rubuta masa 0.099. A ganinmu dole a sa iyaka a wani wuri, amma korar mutum daga tseren ƙarshe a kan kashi ɗaya cikin dubu hukunci ne mai nauyi, kuma ya kamata masu doka su ci gaba da duba shi.

Bindigar zamani ba ta da albarushi. Tana aika sauti ne zuwa ƙaramar lasifika da ke bayan kowane ɗan tsere, domin sauti yana tafiyar mita 340 ne kawai a sakan, kuma a tseren mita 400 na layin waje yana iya nisa da mai harbi fiye da na ciki sosai. In kana cikin filin, ka yi shiru tun daga umarni na farko. Ihu ɗaya daga cikin 'yan kallo yana iya tayar da wanda ya shafe shekara huɗu yana jiran wannan ranar.

Tambaya: Tobi Amusan ta yi 12.12 aka ce ta kafa tarihin duniya. Bayan nan ta yi 12.06 aka ce ba a karɓa ba. Ina dalili?

Amsa: Iska ce, Malama. A Eugene ne a 2022, a tseren mita 100 na tsallake shinge. Idan iskar da ke turo mutum daga baya ta wuce mita 2.0 a sakan, nasara tana nan, lambar zinare tana nan, amma lokacin ba zai shiga kundin tarihi ba. A tseren ƙarshe iskar ta kai 2.5, shi ya sa 12.12 da ta yi a zagayen kusa da na ƙarshe ya zama shi ne tarihin.

Ki riƙa duba ƙaramar lambar da ke fitowa kusa da sakamako. Alamar tarawa tana nufin iska ta taimaka, alamar ɗebewa kuma tana nufin ta tare su ta gaba. Ma'aunin yana tsaye a gefen layi na ɗaya, mita 50 kafin ƙarshe. A mita 100 yana auna sakan goma daga harbi, a mita 200 kuma sakan goma daga lokacin da na gaba ya fito daga kwana. Ba a auna iska a mita 400, tunda zagaye ake yi, abin da ta ba ka a wannan gefe za ta karɓe a wancan. Wanda ya yi 10.05 da iska a gabansa yana iya fin wanda ya yi 9.98 da iska a bayansa, saboda haka kada a gwada lokutan rukuni biyu ba tare da an duba wannan lambar ba.

Tambaya: Me ya sa a mita 200 da 400 ake ba wasu rata tun kafin a fara? Kuma mene ne harafin Q babba da ƙarami a jikin sunaye?

Amsa: Babu wanda aka ba rata. Faɗin kowane layi mita 1.22 ne, kuma na waje ya fi na ciki tsawon kwana. A mita 400, na layi na biyu yana tsayawa kimanin mita bakwai gaban na ɗaya, kowane layi bayansa a ƙara masa kimanin mita 7.67, har na takwas ya kai kusan mita 53. Sai an fito kwanar ƙarshe ne jerin gaskiya yake bayyana. Kafin nan, abin lura shi ne wanda ya cim ma na wajensa, domin shi ne yake gaba.

Layin ciki yana da matsatsiyar kwana mai rage gudu, na can waje kuma ba ya ganin kowa, dole ya auna ƙarfinsa da kansa. Duk da haka daga layi na takwas Wayde van Niekerk na Afirka ta Kudu ya yi 43.03 a Rio a 2016. Taka zanen ciki a kan kwana laifi ne, don rage hanya ne. An sassauta dokar a 2021, taɓawa ɗaya gargaɗi ce, ta biyu kora.

Babban Q na wanda ya tsallake da matsayinsa ne a rukuninsa, misali biyun farko. Ƙaramin q na wanda bai sami matsayin ba amma lokacinsa ya fi na sauran da suka rage. A Faris an ƙara zagayen dama ta biyu daga mita 200 zuwa 1500 ga waɗanda suka faɗi a zagayen farko, sai dai duk wanda ya bi ta nan ya ƙara wa ƙafarsa tsere guda.

Tambaya: Yaya ƙasa mai gwanaye huɗu take shan kashi a tseren miƙa sanda?

Amsa: Saboda sandar ake bi da lissafi, kuma ita ce take rage gudu in hannu bai saba da hannu ba. A huɗu sau mita 100, wurin miƙawa mita 30 ne tun daga 2018, kuma abin da alƙali yake kallo shi ne inda sandar take a lokacin da ta koma hannun mai karɓa, ko da ƙafarsa tana wani wuri.

Ga yadda ake tsara shi. Na farko yana riƙe sanda a hannun dama, yana bin gefen ciki na layinsa. Na biyu yana karɓa da hagu daga gefen waje, na uku da dama, na huɗu da hagu. Ta haka ba mai sauya hannu, ba kuma mai taka ɗan'uwansa. Mai karɓa yana manna ɗan tef a ƙasa a bayansa, bisa ƙirgen tafin ƙafa da suka daidaita wajen atisaye. Da zarar mai zuwa ya taka tef ɗin, sai ya tashi da dukkan ƙarfinsa ba waiwaye, har ya ji kira ya miƙa hannu baya. In ya tashi da wuri, mai zuwa wanda ya riga ya gaji ba zai kamo shi ba sai wajen iyaka. In ya makara, sai su cakuɗe. A Faris miƙawar farko ta mazan Amurka ta lalace aka kore su, Kanada ta ɗauki zinare, Afirka ta Kudu azurfa. In sanda ta faɗi, wanda ya yar da ita ne zai ɗauka da kansa.

Idan aikin ya yi kyau, sakamakon abin mamaki ne. Jamaika ta yi 36.84 a Landan a 2012. Raba shi huɗu ka sami 9.21, ƙasa da tarihin mita 100, domin uku daga cikinsu da gudu suka karɓi sandar.

Tambaya: Ina da niyyar zuwa kallo da kaina. Ina ya kamata in zauna, kuma me zan kalla a cikin sakan goma?

Amsa: Tikitin guje-guje na zama ɗaya ne, na safe daban na yamma daban, kuma tseren ƙarshe galibi da yamma yake, don haka ka duba jadawali kafin ka biya. Don mita 100, nemi gefen miƙaƙƙen layin ƙarshe, daga tsakiyarsa zuwa zanen gamawa, kuma ka hau sama kaɗan. Kujerar ƙasa tana ba ka jin ƙarfin gudun amma tana ɓoye maka wanda ke gaba. Don miƙa sanda kuwa, kujerar kwana ta fi.

Kada ka ce za ka kalli mutum takwas. Zaɓi biyu. A mita 30 na farko jiki a sunkuye yake, wanda ya miƙe tsaye da wuri ya yi asara. Ƙololuwar gudu tana zuwa ne wajen mita 60 zuwa 80, inda Bolt ya haura kilomita 44 a awa. Daga nan kowa raguwa yake yi, wanda kake gani kamar yana ƙara wuta shi ne wanda raguwarsa ta fi ƙanƙanta. Ka lura da kafaɗa da muƙamuƙi: da zarar kafaɗa ta ɗaga, fuska ta ɗaure, taku ya fara gajarta. Kuma ka ajiye waya a aljihu, bidiyon zai same ka daga baya.

Wanda yake shirin Los Angeles a 2028 ya sani cewa an mayar da guje-guje makon farko na gasar, saɓanin yadda aka saba.

Tambaya: Amurka tana tara taurarin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta ƙasar, amma sai ka ga tana shan wuya a hannun ƙasashen Turai. Wasan ba ɗaya ba ne?

Amsa: Kwandon ɗaya ne, tsayinsa mita 3.05 a ko'ina, amma dokokin hukumar FIBA da ake bi a Olamfik da gasar cin kofin duniya sun bambanta ta hanyoyin da suke sauya wasan gaba ɗaya. Zango huɗu ne na minti goma-goma, NBA kuma sha biyu-sha biyu. Minti takwas ɗin da aka rage su ne lokacin da ƙungiya mai yawan gwanaye take gajiyar da abokiyar karawarta. Laifi biyar ke fitar da ɗan wasa a maimakon shida, don haka tauraron da ya yi biyu a zangon farko benci zai koma. Zanen maki uku yana mita 6.75 daga kwando, na NBA 7.24, filin ma ya ɗan fi ƙanƙanta, mita 28 da 15.

Babban bambancin yana wajen tsaro. A NBA mai tsaro ba ya wuce sakan uku a ƙarƙashin kwando in ba ya bin kowa. A FIBA babu wannan dokar, dogon mutum yana iya kafa sansani a wurin har a tashi. Ɗan wasan da ya saba kutsawa shi kaɗai sai ya tarar da hanya a toshe. Maganin haka shi ne saurin miƙa ƙwallo da jifa daga nesa, kuma ƙasashen da 'yan wasansu suka daɗe tare sun fi iya wannan. Ajantina ta ɗauki zinare a 2004. Jamus ta fitar da Amurka da 113 da 111 a gasar duniya ta 2023, ta kuma doke Sabiya a wasan ƙarshe a Manila. A Faris ma Sabiya ta ba Amurka tazarar maki 17 kafin a ƙare 95 da 91, kuma sai da Stephen Curry ya zura jifan maki uku sau takwas aka ga bayan Faransa da 98 da 87.

Akwai kuma wata doka da take rikita masu kallo. A FIBA, da zarar ƙwallo ta taɓa zoben kwando, kowa yana da ikon doke ta ko tura ta ciki. Abin da aka hana shi ne taɓa ta tana saukowa kafin ta taɓa zoben, ko zura hannu ta ƙasan raga.

Tambaya: Busa ta yi yawa a ƙwallon kwando, ban san me ake busawa ba. A taimaka.

Amsa: Rabin busar ta agogo ce. Ƙungiya tana da sakan 24 ta yi jifan da zai taɓa zobe, ga agogon nan a saman allon kwando. In ta jefa ƙwallon ta taɓa zobe ta sake cafkewa, sakan 14 za a ba ta. Sakan takwas ne na tsallake tsakiyar fili, kuma in an tsallake ba a komawa da ƙwallo baya. Sakan biyar na jefo ƙwallo daga waje. Sakan uku na mai kai hari a cikin akwatin da ke ƙarƙashin kwando.

Sauran rabin na karo ne. In mai tsaro ya riga ya kafa ƙafa biyu yana fuskantar mai ƙwallo aka banke shi a ƙirji, laifin na mai ƙwallo ne. In shi ne ya shigo hanya a makare, nasa ne. Saboda haka ƙafar mai tsaro ake kallo, faɗuwarsa ba hujja ba ce. Ka riƙa duba ƙirgen laifin ƙungiya a allo: bayan huɗu a zango ɗaya, duk laifin tsaro na gaba jifan kyauta biyu ne, daga nan kuma masu tsaro sukan ja baya. Laifin ganganci wanda ba neman ƙwallo aka yi ba yana jawo jifa biyu, a kuma bar wa waɗanda aka yi wa laifin ƙwallo.

Koci kaɗai ke neman hutun shawara, biyu kafin hutun rabin lokaci, uku bayansa, kowane minti ɗaya. Ɗan wasan da aka ritsa ba shi da ikon nema, wannan ma ya bambanta da NBA.

Shawararmu ga mai son fahimtar wasan ita ce ya ɗauke ido daga ƙwallo na minti biyu ko uku a kowane zango. Kalli dogon da ke tare wa abokinsa hanya da jiki, da wanda ya laɓe a kusurwa, da mai tsaron da ya bar nasa ya zo taimako. A nan ake ƙulla makin da za a ci bayan sakan biyar. Kujerar sama a tsakiyar gefen fili ta fi ta bayan kwando nuna wannan. A jifan nesa kuma ƙafa za a duba. Wasan ƙarshe na mata a Faris ya tashi 67 da 66, domin jifan ƙarshe na Gabby Williams ta Faransa ya shiga amma ba ta bayan zanen maki uku, aka ba ta biyu, Amurka ta ɗauki zinarenta na takwas a jere.

Tambaya: Ƙungiya tana gaba da maki 15, saura minti ɗaya, amma ba ta sassauta ba. Wannan ba cin fuska ba ne?

Amsa: A matakin rukuni lissafi ne. Ƙasashe 12 ne a Olamfik, rukuni uku na huɗu-huɗu. Biyun farko suna wucewa kwata-fainal, sai biyu mafi kyau cikin waɗanda suka zo na uku. In an yi kunnen doki, ana duba wasannin da masu kunnen dokin suka yi a tsakaninsu, sannan bambancin maki.

Matan Najeriya a Faris misali ne da ya kamata kowane koci ya riƙe. Sun doke Ostireliya 75 da 62, Faransa ta doke su 75 da 54, suka doke Kanada 79 da 70, Ostireliya kuma ta doke Faransa 79 da 72. Ƙasashe uku suka tashi da nasara biyu-biyu. A lissafin tsakaninsu Faransa tana da rarar 14, Ostireliya giɓin 6, Najeriya giɓin 8. Kwando ɗaya ko biyu ne ya mayar da su na uku a bayan ƙasar da suka doke, ƙuri'a kuma ta haɗa su da Amurka. Duk da haka su ne tawagar Afirka ta farko, maza ko mata, da ta kai wannan matakin, ƙarƙashin koci Rena Wakama. Mazan Sudan ta Kudu ma bambancin maki ne ya hana su wucewa a matsayin na uku.

Tambaya: Wanda ake yi mutum uku-uku a rabin fili fa?

Amsa: Ya shiga Olamfik ne a gasar Tokiyo da aka yi a 2021. Kwando ɗaya ne, kowace ƙungiya mutum uku da ɗan canji guda. Ana yin minti goma, ko kuma wanda ya riga kai maki 21 ya ci. Jifan cikin zane maki ɗaya ne, na wajensa biyu, agogon jifa kuma sakan 12. Bayan an ci ba a tsayawa, sai dai waɗanda aka ci su fitar da ƙwallo bayan zanen kafin su kai nasu harin. Tunda jifan nesa ninki biyu ne na na kusa, ƙungiyar da ba ta da mai saiti daga waje da wuya ta yi nisa. A Faris mazan Holan da matan Jamus ne suka ɗauki zinare.